H. G. Wells: Ɗan Baranya da Ya Ƙago Na'urar Keta Zamani

Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin da mutum ke hawa wata na'ura, ya ja ƙarfe, sai ga shi cikin shekaru dubbai masu zuwa, to ya ɗanɗani gadon Herbert George Wells, ko da bai taɓa jin sunansa ba. Wells na daga cikin iyayen ƙagaggun labaran kimiyya, wato dangin adabin da ɗaliban Hausa suka fi sani ta hanyar Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo. Masu shirya fim sun karɓi na'urarsa hannu bibbiyu, sai dai maganar da ya ɗora wa na'urar sun bar masa kayarsa. Kafin a gane wannan magana, dole ne a koma gidan da ya tashi.

An haifi Wells ran 21 ga Satumba, 1866, a garin Bromley da ke kudu maso gabashin Landan. Mahaifinsa, Joseph, yana da ɗan kantin tangaran wanda ba ya kawo riba, sai ya riƙa cike giɓi da wasan kurket, wanda ake biyansa. Mahaifiyarsa, Sarah, baranya ce kafin ta yi aure. Ɗakin girkinsu a ƙarƙashin ƙasa yake, haske ba ya shigowa sai ta wata taga mai ƙarafa da ke daidai da ƙafafun masu wucewa a titi. A 1874 yaron ya karye a ƙafa, kwanciyar jinyar nan ce kuwa ta haɗa shi da littattafai. Shekara uku bayan haka mahaifin ma ya karye a cinya, kuɗin wasa suka yanke, gida ya watse. A 1880 Sarah ta koma aiki a matsayin shugabar barori a Uppark, wani katafaren gidan masu hannu da shuni a lardin Sussex.

Wannan gida ya cancanci a dakata a kansa. A sama akwai zauruka masu haske da ɗakin littattafai, inda yaron ya sami damar karanta Plato da Swift. A ƙasa kuwa akwai hanyoyi da aka haƙa, waɗanda barori ke bi su kai abinci da sauran hidima ba tare da masu gida sun gan su ba. Masu nazarin Wells da yawa suna ganin a nan ne ya fara hango duniyar da ta rabu biyu: mutanen sama masu hutu, da mutanen ƙasa masu aiki cikin duhu.

Burin Sarah shi ne ɗanta ya zama ɗan kanti. Daga 1881 zuwa 1883 ya yi zaman koyon sana'a a wani kantin yadi a Southsea, yana aikin awa goma sha uku a yini. Ya tsani aikin ƙwarai, har ya bar shi ya zama ƙaramin malami a makarantar Midhurst. A 1884 ya ci gurbin karatu a kwalejin horar da malaman kimiyya ta South Kensington, ana ba shi sule 21 a mako. A can ya yi shekara guda yana ɗaukar ilmin halittu a wajen T. H. Huxley, babban mai kare ra'ayin Darwin na rikiɗar halittu. Darasin da ya riƙe shi ne, halitta na iya rikiɗa ta ci baya kamar yadda take iya ci gaba. Sauran darussan ba su ja hankalinsa ba, ya bar kwalejin a 1887 ba tare da digiri ba, sai a 1890 ya same shi daga Jami'ar Landan.

Abin da zai ƙayatar da ɗalibai shi ne, a mujallar ɗalibai wannan labari ya fara fitowa. Wells na cikin waɗanda suka kafa mujallar kwalejinsu, a cikinta kuma aka buga The Chronic Argonauts a 1888, labarin wani masani da ya ƙera na'urar tafiya cikin zamani a wani ƙauyen Wales. Labarin bai nuna ba, shi ma ya san haka, don haka ya yi shekara bakwai yana warwara yana sake saƙa, ga ciwon ƙoda da na huhu, ga auren farko da ya mutu. A 1895 mujallar New Review ta buga shi kashi-kashi, aka biya shi fam 100, a watan Mayu kuma ya fito a littafi mai suna The Time Machine, wato na'urar zamani. Ba shi ne farkon wanda ya kai mutum wani zamani ba. Mark Twain ya yi haka a 1889 ta hanyar bugu a ka, wani marubucin Sifen, Enrique Gaspar, ya ma riga shi kawo na'ura a 1887. Amma ta Wells ce ta zauna a zukatan mutane, domin ya kafa ta bisa hujjar cewa lokaci ma fuska ce da za a iya bi, kamar tsawo da faɗi da kauri.

Matafiyin littafin ba shi da suna. Ya sauka a shekara ta 802,701, ya tarar ɗan Adam ya rabu jinsi biyu. Eloi kyawawa ne, ƙanana, ba ƙarfi ba wayo, suna cin 'ya'yan itatuwa cikin rusassun fadoji. Morlock kuwa farare ne fat, suna zaune ƙarƙashin ƙasa da injuna, suna tsoron haske. Sannu a hankali matafiyin ya gane cewa Eloi jikokin masu dukiya ne, Morlock jikokin 'yan ƙwadago, kuma yanzu na ƙasa suna kiwon na sama ne kamar tumaki, suna cinye su da dare. Wannan ita ce maganar ɗan baranyar Uppark ga Ingila ta zamaninsa, kuma ba ta da daɗin ji. Bayan haka matafiyin ya zarce shekara miliyan talatin, ya iske rana ta kumbura ta yi ja, sanyi ya rufe bakin teku, babu sauran ɗan Adam.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Cikin shekara uku ya fitar da The Island of Doctor Moreau da The Invisible Man da The War of the Worlds. Ya shiga ƙungiyar Fabian ta masu sassaucin ra'ayin gurguzu a 1903, ya fice a 1908 bayan rigima da shugabanninta. Ya rubuta tarihin duniya a 1920, ya gana da Lenin a shekarar, ya gana da Roosevelt da Stalin a 1934. A littafinsa na 1914, The World Set Free, ya siffanta bam ɗin atom shekara talatin kafin a ƙera shi. Zamansa na iyali kuwa ba abin koyi ba ne, domin matarsa ta biyu, Amy Catherine, ta yi haƙuri da neman matansa har ta rasu a 1927.

Dangantakarsa da majigi ta soma ne tun majigin na jariri. A watan Oktoba na 1895 wani maƙerin kayan hoto a Landan, Robert Paul, bayan ya karanta littafin, ya nemi rajistar wata dabara ta zaunar da 'yan kallo a dandamali mai motsi, ana haska musu hotunan zamunna daban-daban. Ba a gina abin ba. Daga baya Wells ya zama mai wuyar gamsarwa. Ya kushe Metropolis na Fritz Lang a 1927, ya kuma ƙi fim ɗin da Amurkawa suka yi da labarin Moreau a 1932, don a ganinsa sun mai da tunani abin tsoratarwa kawai. A 1936 aka fitar da Things to Come, wanda ya rubuta da hannunsa, Alexander Korda ya ɗauki nauyi. Fim ɗin ya nuna yaƙi ya ɓarke a 1940, jiragen sama na ragargaza birni. Jawabai sun yi masa yawa, amma hasashen ya kusa faɗawa daidai, shi kansa Wells ya zauna a gidansa na Landan bama-bamai na sauka, ya ƙi ƙaura. Ya rasu ran 13 ga Agusta, 1946, yana da shekara 79, bai ga na'urarsa a allon majigi ba.

Gidan talabijin na BBC ne ya fara nuna labarin a 1949, kai tsaye, ba a kuwa adana shi ba. Wanda duniya ta sani shi ne fim ɗin 1960 na George Pal, haifaffen Hungary, inda Rod Taylor ya fito a matsayin matafiyin. Gwanintar Pal ba ta da musu. Ya nuna gudun lokaci da furanni masu buɗewa cikin ƙiftawar ido, da mutum-mutumin tagar wani kanti da tufafinsa ke sauyawa shekara bayan shekara, har fim ɗin ya ci lambar Oscar ta dabarun hoto. Amma ya sauya tushen labarin. Matafiyinsa ya tsaya a 1917 da 1940 da 1966, ko'ina yaƙi, na ƙarshen na nukiliya. Rabuwar ɗan Adam ta zama sakamakon yaƙi: wasu sun ɓuya a rami, wasu sun zauna a sarari, kuma jiniya ce ke kiran Eloi zuwa mayanka. Tsoron 1960 ke nan, lokacin da Amurka da Rasha ke zaman doya da manja. Batun mai gida da bara ya ɓace, matafiyin ya zama jarumin da ya koya wa Eloi tawaye, ya kuma koma wurinsu da littattafai uku don ya sake gina duniya.

A 1979 Nicholas Meyer ya mai da Wells kansa ɗan wasa a Time After Time, inda yake bin wani mai kisan kai zuwa San Francisco cikin na'urar. Sannan a 2002 tattaɓa-kunnensa, Simon Wells, ya ba da umarnin sabon fim. A nan an ɗauke labarin daga Landan zuwa New York, matafiyin ya ƙera na'urar ne don ya ceto budurwarsa da aka kashe, fashewar wata kuma ita ta raba jinsin biyu. An ƙara wa Morlock shugaba mai magana, wanda Jeremy Irons ya fito a matsayinsa. Shi ma wannan fim, kamar na Pal, bai kai 'yan kallo bakin tekun nan mai sanyi na shekara miliyan talatin ba.