Bessie Coleman, ƴar manoma da ta tuƙa jirgin sama

Unguwannin Nima da Maamobi suna cikin birnin Akra, ba su da nisa da filin jirgin sama. Yaran zango sun saba da ƙugin jirage. In suna cikin wasan ƙwallo jirgi ya taso, sai kowa ya ɗaga kai ya bi shi da kallo har ya shige gajimare. Haka yaran Kano da na Yamai su ma suke yi. Wanda ke tuƙa jirgin nan kuwa ba rana ɗaya ya iya ba. Sai da ya yi karatu, ya ci jarrabawa, kana aka ba shi takardar shaidar tuƙi. Mace baƙar fata ta farko da ta sami irin wannan takarda sunanta Bessie Coleman.

An haifi Bessie ran 26 ga Janairu, 1892, a wani ɗan gari cikin jihar Teksas, a kudancin Amurka. Sunan mahaifinta George, mahaifiyarta kuma Susan. Su 13 aka haifa a gidan, ita ce ta goma. Tana da shekara biyu suka ƙaura zuwa wani gari mai suna Waxahachie. Iyayenta talakawa ne. A gonakin auduga suke aiki, gonakin kuma ba nasu ba ne.

A zamanin nan an riga an hana bauta a Amurka, amma a kudu doka ta raba baƙi da farare. Kowa da makarantarsa, kowa da wurin zamansa a jirgin ƙasa. Makarantar da aka sa Bessie tana da shekara shida ɗaki ɗaya ce tak, ta ƴaƴan baƙaƙe. Kullum sai ta taka kamar kilomita shida a ƙasa. Duk da haka ta fi kowa lissafi, ga ta da son karatu. Sai dai da audugar ta nuna, karatu ya tsaya ke nan. Yara da manya kowa ya ɗauki buhu ya shiga gona, tun safe har rana ta faɗi.

A 1901 mahaifin ya tafi Oklahoma neman inda zai fi samun sakewa, ya bar iyalin a Teksas. Uwar ta shiga aikatau a gidan wasu Turawa. Bessie ce ke kula da ƙannenta, tana kuma yin wanki da guga tana ajiye ɗan abin da ta samu. Da ta kai shekara 18 ta kwashi ajiyarta ta shiga wata babbar makaranta ta baƙaƙe a garin Langston. Zango ɗaya ta yi, kuɗin suka ƙare, ta komo gida.

A 1915 ta bi yayyenta maza zuwa Shikago, babban birni a arewa. Ta sami aiki a wani shagon aski, tana gyara wa mutane farce. Shagon aski ko'ina wurin hira ne. Da aka gama yaƙin duniya na farko a 1918, sojoji suka komo daga Faransa, hirar duk ta koma ta yaƙi da ta jiragen sama. Wanta John ma ya je yaƙin. Shi ne ya riƙa tsokanarta da cewa matan Faransa sun fi na Shikago, tun da har jirgi suke tuƙawa. Shi da wasa yake yi, ita kuwa ta riƙe maganar.

Ta nemi makarantun koyon tuƙin jirgi na Amurka su karɓe ta. Duk suka ƙi, don abu biyu: mace ce, kuma baƙa ce. Ba wanda ya tambaye ta ko ta iya lissafi. Sai wani mai jarida, Robert Abbott, wanda ya kafa jaridar baƙaƙe mai suna Chicago Defender, ya ba ta shawara ta tafi Faransa. Can tun 1910 aka ba wata mace, Raymonde de Laroche, takardar tuƙin jirgi.

To, ga tsada, ga nisa, ga shi ba ta jin ko kalma ɗaya ta Faransanci. Bessie ta sake aiki, ta koma kula da wani gidan abinci inda aka fi biya. Bayan aiki kuma sai ta je ajin koyon Faransanci. Ta fara daga gaisuwa da ƙirga, kamar kowane ɗan aji ɗaya, alhali tana da shekara 28. Abbott da wani mai banki, Jesse Binga, suka cika mata kuɗin tafiya. A watan Nuwamba 1920 ta shiga jirgin ruwa a New York ta nufi Faransa.

Makarantar da ta karɓe ta tana Le Crotoy, wani ƙaramin gari a bakin teku, arewacin Faransa. Wasu ƴan'uwa biyu masu ƙera jirage, ƴan gidan Caudron, su suka kafa ta. Sun zaɓi wurin ne saboda in ruwan teku ya janye yakan bar fili mai faɗi na rairayi, inda jirgi zai iya gudu ya tashi.

Jirgin da ta koya da shi bai yi kama da waɗanda ke wucewa bisa Nima ba. Ƙirar Nieuport ne, mai fukafukai biyu, ɗaya bisa ɗaya. Da katako aka yi ƙashinsa, aka lulluɓe da yadi, aka ɗaure da wayoyi. Ba shi da rufi, iska da sanyi suna dukan fuskar matuƙi. Ba shi da birki. Ba shi da sitiyari irin na mota, sai wata sanda a gaban matuƙi. In ya jawo ta, hancin jirgi ya ɗaga. In ya tura ta, hancin ya sunkuya. In ya karkata ta hagu ko dama, jirgin ya kishingiɗa wajen. A ƙarƙashin ƙafafunsa kuma akwai wani ƙarfe a gicciye wanda yake takawa don juya wutsiyar jirgin. Injin yana shan man zurma, yana fesa shi a fuskar mutum, shi ya sa matuƙan lokacin ba su rabuwa da tabarau da hular fata.

Koyarwar ma da wuya take. Malam da ɗalibi kowa da kujerarsa da sandarsa, sandunan kuma a haɗe suke. Ƙarar inji ba ta barin a ji magana sosai. Saboda haka ɗalibi yakan ɗora hannu a kan tasa sandar, ya ji yadda malam ke motsa ta, har hannunsa ya saba. Kuskure kaɗan yana iya zama ajali. A Le Crotoy ɗin nan ne Raymonde de Laroche ta rasu a hatsarin jirgi a 1919. Bessie ma tana cikin koyo wani ɗalibi ɗan'uwanta ya faɗo da jirgi ya mutu a kan idonta. Abin ya girgiza ta ƙwarai, amma ba ta fasa ba.

Wata bakwai ta yi tana koyo, sannan ranar jarrabawa ta zo. Dole ɗalibi ya tashi shi kaɗai, ba malam a tare da shi. Ya yi kewaye na kilomita biyar, ya zana siffar lamba 8 a sama, ya kashe inji kafin ya taɓa ƙasa, ya kuma sauka kusa da alamar da aka nuna masa, kada ya wuce ta da mita 50. Jirgin da ba birki, saukar nan ita ce mai wuyar. Bessie ta ci. Ran 15 ga Yuni, 1921, ƙungiyar duniya mai kula da tashin jirage, wadda cibiyarta take Faransa a lokacin, ta ba ta takardar shaida. A shekarar nan mutanen Kano ba su taɓa ganin jirgin sama ya sauka garinsu ba. Sai a Nuwamba 1925 jirage uku na sojan Ingila suka taso daga Masar suka sauka can.

Ta koma Amurka a watan Satumba 1921, ƴan jarida suka tarbe ta. Amma takarda ba ta ba ta aiki ba. Jiragen fasinja ba su yawaita ba tukuna, kuma ba mai ɗaukar mace baƙa. Hanya ɗaya ta rage wa matuƙi ya ci abinci: wasa da jirgi a gaban ƴan kallo. Wannan kuwa sai da ƙarin gwaninta. Don haka a 1922 ta sake komawa Turai, ta ƙara koyo a Faransa da Jamus, ta kuma je Holan ta ga Anthony Fokker, shahararren maƙerin jirage. Ran 3 ga Satumba, 1922, ta yi wasanta na farko kusa da New York. Mutane suka sa mata suna Sarauniya Bess.

A Fabrairu 1923 ta sayi wani tsohon jirgin soja a Kalifoniya. Injinsa ya mutu a sama, ta faɗo, ta karye a ƙafa da haƙarƙari uku. Ta daɗe tana jinya. Da ta warke ta koma tashi. Tana kuma zagaya makarantu da majami'u tana yi wa yaran baƙaƙe bayanin jirgi, don babban burinta shi ne ta buɗe makarantar tuƙi inda ba za a kori kowa saboda launin fatarsa ba.

A 1925 aka gayyace ta wasa a Waxahachie, garin da ta tsinci auduga. Masu shirin suka tanadi ƙofa biyu, ɗaya ta farare, ɗaya ta baƙaƙe. Bessie tana bukatar kuɗin ƙwarai, amma ta ƙi tashi sai an bar kowa ya shiga ta ƙofa ɗaya. Aka yi yadda ta so, ko da yake a ciki an raba wurin zama.

Ran 30 ga Afrilu, 1926, tana Jacksonville a jihar Fulorida, ana gobe za ta yi wasa ta diro da laima. Ta hau jirgi tare da makanikenta William Wills don ta duba filin daga sama. Shi ke tuƙi. Ita kuwa ba ta ɗaura ɗamarar kujera ba, don tana so ta leƙa ƙasa da kyau. Ashe an manta wata sifana cikin jirgin. Sifanar ta zame ta maƙale a hanyar sandar tuƙi, jirgin ya sunkuya ya kife. Bessie ta faɗo ta rasu nan take, tana da shekara 34. Makaniken ma bai tsira ba. Dubban mutane suka fito jana'izarta a Shikago.

Makarantar da ta so buɗewa ba ta gan ta ba. A 1929 wani baƙar fata, William Powell, ya kafa ƙungiyar koyon tuƙin jirgi a Los Angeles, ya sa mata sunan Bessie Coleman. A 1931 matuƙa baƙaƙe na Shikago suka bi ta bisa kabarinta da jirage suna zuba furanni. A 1992 Mae Jemison, mace baƙa ta farko da ta je sararin samaniya, ta tafi da hoton Bessie cikin kumbon. Amurka ta sa hoton nata a kan sarki a 1995, ta kuma buga shi a jikin tsabar kuɗi a 2023.

A Gana kuwa, a 1963 rundunar sojan sama ta ɗauki mata uku don koyon tuƙi a Takoradi. Ɗaya daga cikinsu, Melody Danquah, ta tashi da jirgi ita kaɗai a watan Yuni 1964, shekara 43 bayan jarrabawar Bessie a Le Crotoy.