Jule Charney, masanin da ya sa kwamfuta hasashen yanayi

Ɗan kasuwar Adjamé ko Treichville da ke duba sanarwar SODEXAM kafin ruwan watan Yuni ya sauko a Abijan, yana cin gajiyar aikin wani Ba'amurke mai suna Jule Charney.

An haifi Charney ranar 1 ga Janairun 1917 a San Francisco. Iyayensa Yahudawa ne 'yan ci-rani daga daular Rasha, masu aikin ɗinki. Ya karanta lissafi a jami'ar UCLA, inda ya samu digirin digirgir a 1946.

A lokacin, lissafin motsin iska ya fi ƙarfin alƙalami da takarda. Charney ya sauƙaƙa shi, ya ajiye manyan igiyoyin iska da ke juya yanayi, ya zubar da sauran. A 1950, shi da John von Neumann da abokan aikinsu suka fitar da hasashen farko da kwamfutar ENIAC. Hasashen kwana ɗaya ya ci musu kusan kwana ɗaya.

Bayan farin da ya kashe mutane da dabbobi a Sahel a farkon shekarun 1970, ya juya ga yankinmu. A 1975 ya bayyana cewa ƙasar da ta rasa ciyayi takan mayar da hasken rana sama, iska ta sauko a bushe, ruwa ya ƙara raguwa. Binciken baya ya nuna zafin ruwan teku ya fi tasiri wajen jawo farin, amma shi ya buɗe nazarin alaƙar ƙasa da damina.

A 1979 ya jagoranci rahoton da ya ƙiyasta cewa ninka iskar kabon zai ƙara zafin duniya da digiri 1.5 zuwa 4.5. Ya rasu a Boston ranar 16 ga Yunin 1981.

Damuwarsa ta dindindin ita ce ƙarancin ma'aunai, musamman a kan teku da ƙasashe masu zafi. Yau taurarin ɗan'adam shida na COSMIC-2, da aka harba a 2019, suna auna yadda siginar GPS ke lanƙwasa idan ta ratsa iska, daga nan a gano zafi da laima. Da irin waɗannan bayanai ake ciyar da lissafin da ya kafa.