Bature Mai Magani: sunan da alheri ya raɗa wa Andrew Stirrett

Kai da ke riƙe da waya yanzu, da mutanen unguwarku za su raɗa maka suna bisa abin da suka saba gani a hannunka, wane suna za ka samu? Akwai wani mutumin Kanada da Hausawa suka yi wa haka, sunan kuma ya bi shi har kabari: Bature Mai Magani.

An haifi Andrew Park Stirrett a 1865 a lardin Ontario. Mai harhaɗa magunguna ne da shagunansa a birnin Toronto, ga kuma karatun likita da ya yi. Rufin asiri dai yana da shi. Sai ya karanta rubutun Rowland Bingham, ɗaya daga cikin mutum uku da suka fara aikin mishan na SIM a 1893. Biyun, Walter Gowans da Thomas Kent, rashin lafiya ta kashe su tun 1894. Stirrett ya san da haka, amma ya sallama dukiyarsa ga mishan ɗin, ya shiga jirgin ruwan dakon shanu zuwa Ingila, ya iso Najeriya a 1902, ya fara zama a Patigi.

To, ka san a lokacin Turawan mulki sun hana 'yan mishan aiki a masarautun Musulmi irin su Kano da Katsina. Sai ya riƙa bin Hausawa inda zai same su: zangon fatake a kan hanya, irin na Wushishi, daga baya kuma kasuwar Jos. Ya koyi Hausa, ya yi wa'azi da ita, yana kuma cikin waɗanda suka yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki da ya fito a 1932. Bai taɓa aure ba. Ya rasu a Jos a 1948, bayan shekara 46 da zuwansa.

Wa'azi ne ya kawo shi, wannan ba a ɓoye yake ba, kuma yawancin Hausawa sun ci gaba da addininsu. Amma duba sunan da suka ba shi. Na maganin nan ne da yake miƙa wa bafatake mai zazzaɓi a zango, mutumin da gobe zai ɗaura kayansa ya wuce, ƙila ba su sake haɗuwa ba.

A koyarwar Kirista, irin wannan ɗan ƙaramin aiki yana cikin ibada. Linjilar Matiyu ta nuna cewa ciyar da mayunwaci, shayar da mai ƙishi da gaida mara lafiya, Almasihu yana ɗaukarsu tamkar shi aka yi wa. Ta kuma yi kashedi kan yin sadaka don mutane su gani. Ka ga ke nan, ba girman kyautar ake aunawa ba, zuciyar da aka yi ta da ita ake dubawa.

Da aka sassauta dokar a shekarun 1930, SIM ta karɓi aikin kula da masu cutar kuturta a Yadakunya da ke ƙasar Ungogo, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. Aiki ne na wanke miki da ɗaure shi, yau da gobe, ga mutanen da jama'a ke ƙyama.

Yanzu fa? Sai mutum ya saita kyamara kafin ya miƙa wa tsohuwa kwanon shinkafa, a watsa fuskarta a TikTok da Facebook, ita ba a ma tambaye ta ba. Ta ci abinci kam, amma da mutuncinta ta biya.

Musulmi ne kai ko Kirista, alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. A makon nan ka leƙa maƙwabcin da ke kwance, ko ka kama wa dattijon da cirar gyaɗa ta fi ƙarfinsa. Wayar kuma ka bar ta a aljihu.