Joseph Haydn: Baran Fada da Ya Tsara Kiɗan Turawa

Wanda bai saba da kiɗan gargajiya na manyan Turai ba, in ya ji shi sai ya ɗauka duk abu guda ne, goge ne kawai ke kuka babu waƙa. Amma masu abin sun raba shi iri-iri, akwai simfoni da kwanceto da sonata da kwatet, kowanne da adadin makaɗansa da wurin da ake yinsa. Hanya mafi sauƙi ta gane bambancinsu ita ce bin rayuwar mutumin da biyu daga cikinsu suka daidaita a hannunsa, watau Joseph Haydn.

An haifi Haydn ran 31 ga Maris, 1732, a ƙauyen Rohrau na ƙasar Ostiriya. Mahaifinsa maƙerin ƙafafun amalanke ne, mahaifiyarsa kuwa ta yi aikin girki a gidan wani basarake. A 1740 aka kai shi birnin Biyana cikin yara masu rera waƙa a babbar majami'ar Saint Stephen. Da muryarsa ta buɗe, wajen 1749, sai aka sallame shi. Ya yi shekaru yana fafutuka, yana koyar da yara, yana yi wa wani tsohon mawaƙin Italiya mai suna Porpora hidima domin ya tsinci ilimi. A 1761 ya shiga aikin gidan sarautar Esterhazy, ya zama shugaban makaɗansu a 1766, ya kuma zauna ƙarƙashinsu har 1790 ba tare da ya ɗaga ba.

Matsayinsa a wannan gida na bara ne. Yana sa tufafin ma'aikatan fada, yana jiran umarni, kuma bisa yarjejeniyar farko duk abin da ya tsara mallakar ubangidansa ne, sai a 1779 aka ba shi damar sayar wa masu ɗab'i. Mai nazarin makaɗan fada ba zai ga baƙon abu a nan ba. Abin da ya samu a madadin 'yanci shi ne ayarin makaɗa na kansa, waɗanda zai rubuta abu yau su gwada masa gobe, in bai yi daɗi ba ya gyara.

Da wannan ayari ya raini simfoni. Simfoni kiɗa ne na dukan ayari, goge da sarewa da ƙaho da tambura, ba mai fin wani. A hannun Haydn ya zauna kan kashi huɗu: na farko mai sauri, na biyu mai natsuwa, na uku da taken rawar nan ta fada da ake kira minuwet, na huɗu mai sauri kuma. Kashin farko shi ne wurin gwaninta. Ana gabatar da take ɗaya ko biyu, sa'an nan a farfasa su a yi ta jujjuya su har mai saurare ya ji kamar an ɓace hanya, daga bisani a komo da su yadda aka faro. Simfoni 104 ne ke ɗauke da lamba cikin ayyukansa.

Labarin na 45 ya cancanci a tsaya a kansa. A 1772 Yarima Nikolaus ya daɗe a fadarsa ta Eszterhaza, can cikin fadamar Hangari, makaɗa kuwa sun baro matansu a garin Eisenstadt, ga shi ba mai ikon buɗe baki ya ce a koma gida. Sai Haydn ya tsara kashin ƙarshe yadda kowane makaɗi, in ya gama nasa, zai kashe kyandirinsa ya fice, har ya rage masu goge biyu rak. Yarima ya gane habaicin, aka yi shirin tafiya. A ganina wannan dabara ba za ta yiwu ba sai a simfoni, domin sai inda aka saba jin taro ne watsewarsa ke zama magana.

Kwanceto kuwa gwani ɗaya ake fitarwa gaba, ayari na amsa masa, wani lokaci su yi kamar suna ja-in-ja. Kashinsa uku ne, kuma dab da ƙarshen kashin farko ayari kan yi shiru a bar gwanin shi kaɗai ya nuna iyawarsa. Haydn bai himmatu ga wannan ba kamar abokinsa Mozart, amma ya bar na kakaki da ya rubuta a 1796, da kuma na babban goge wanda ya ɓace sai a 1961 aka gano shi a birnin Prague. Sonata ita ce ƙaramarsu, ta mutum ɗaya a kan fiyano ko mutum biyu, abin ɗaki da almajirai.

Inda hankalinsa ya fi kwanciya, in an lura, shi ne kwatet: mutum huɗu, biyu da ƙaramin goge, ɗaya da matsakaici, ɗaya da babba. Tsarinsa kashi huɗu ne kamar simfoni, sai dai ba taron da mutum zai laɓe a ciki, kuskure kaɗan ana ji. A ayyukansa na farko gogen farko ke jan ragama sauran suna bi, amma daga na 1772 zuwa guda shida na 1781 ya raba maganar, kowa ya karɓi take ya miƙa wa na kusa, kamar dattawa huɗu a zaure. Ya rubuta 68. Mozart ya yi nasa shida ya sadaukar da su gare shi a 1785.

Da Yarima Nikolaus ya mutu a 1790 aka sallami yawancin makaɗan, sai wani mai shirya wasanni, Salomon, ya ɗauki Haydn zuwa Landan. Ya je sau biyu, 1791 zuwa 1792, da 1794 zuwa 1795. A can ba ubangida ɗaya yake yi wa kiɗa ba, jama'a ce mai biyan kuɗin shiga, ayarin kuma ya fi na fada girma nesa. Simfoni 12 da ya yi musu sun fi na baya faɗi da amo. Jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa a 1791, kuma tsakanin tafiyoyin biyu Beethoven ya yi ɗalibta a wurinsa, ko da yake ba su jitu sosai ba.

Ya mutu a Biyana ran 31 ga Mayu, 1809, birnin yana hannun sojojin Napoleon. Bayan binne shi wasu masu da'awar gane basira daga siffar ƙoƙon kai suka sace kansa. An mai da gawar Eisenstadt a 1820, kan kuwa bai haɗu da ita ba sai a 1954.