Fermin Tanguis, Manomin Da Ya Ceci Audugar Ƙasar Peru

Masu karatu, yau za mu ba ku tarihin wani manomi wanda har yanzu ake kiran wata irin auduga da sunansa.

An haifi Fermin Tanguis ran 29 ga Maris, 1851, a birnin San Juan na tsibirin Puwato Riko. Da ya tasa sai ya tafi Kyuba karatun likita, amma yaƙin neman 'yanci ya hana shi gamawa. Cikin 1873 ya sauka Lima, babban birnin Peru, ya yi aikin akawu, ya kuma taɓa aikin haƙar ma'adinai. Sai a 1890 ya kama noman auduga a kwarin Pisko.

Ana nan sai wata cuta ta auka wa gonakin auduga. Ƙwayar cutar cikin ƙasa take zaune, ta saiwa take shiga, ta toshe hanyar ruwa, sai shuka ta yi yaushi ta bushe. Manoma da yawa suka karye.

Shi kuwa Tanguis ya lura ko a gonar da cutar ta cinye, akan sami 'yan tsirarun itatuwa tsaye lafiya lau. Sai ya riƙa tsince anguryarsu, ya shuka a wurin da cutar take, ya zubar da waɗanda suka kamu, ya adana na kirki. Haka ya yi ta yi har wajen shekara 10, da aljihunsa. Cikin 1911 haƙarsa ta cim ma ruwa: ya sami iri mai jure cutar, fari fat, mai dogon sili, wanda ba ya bukatar ruwa da yawa.

Abin da ya ƙara masa girma shi ne bai ɓoye irin ba, ya rarraba wa 'yan'uwansa manoma kyauta. Ba da jimawa ba audugar Tanguis ta zama ita ce gaba a Peru, kasuwannin Turai suna rububinta. Shugaba Augusto Leguia ya ba shi lambar girma ta ƙasa.

Ya rasu a Lima ran 24 ga Agusta, 1930. Daga baya masanin gadon halittar auduga, Sydney Harland na Ingila, ya zo Peru ya ƙara tace wannan iri.

To, manomanmu, in annoba ta ratsa gona, kada a raina itacen da ya tsira, wataƙila maganin yana cikin anguryarsa.