Dakta Evan Kane, likitan da ya shigo da garmaho ɗakin tiyata

Idan aka yi wa mahaifinka aikin zuciya, ka ga nas ta ce a kunna masa abin da yake son saurare, kada ka ɗauka wasa take yi. Dabarar ta haura shekara 100, kuma cikin waɗanda suka fara rubutu a kanta akwai wani likitan fiɗa ɗan Amurka, Evan O'Neill Kane.

An haife shi a 1861 a jihar Pensilvaniya. Mahaifinsa janar ne na soja, shi ya kafa garin Kane, mahaifiyarsa kuma likita ce. Ya kammala karatun likita a Kwalejin Jefferson da ke Filadelfiya a 1884, ya koma garinsu, inda shi da iyalinsa suka buɗe asibiti. Ya daɗe yana yi wa kamfanonin jirgin ƙasa aikin fiɗa, don haka raunin haɗari ba baƙonsa ba ne.

A zamaninsa, maganin sa barci da aka fi amfani da shi shi ne eta, wanda ake shaƙa. Yana sa amai, yana kuma wahalar da masu raunin zuciya ko huhu. Kane yana ganin an cika amfani da shi, ya fi son a kashe zafin wurin aikin kaɗai da allura. To amma ka san abin da wannan ke nufi: majinyaci idonsa biyu, yana jin ƙarar almakashi da maganar likitoci a kansa. Tsoro kaɗai ya isa ya tayar da bugun zuciya da hawan jini. Maganin da Kane ya samo shi ne garmaho. A 1914 ya aika wa mujallar ƙungiyar likitocin Amurka wasiƙa yana bayanin yadda faifan kiɗa ke kwantar da hankalin majinyata, ya ɗauke tunaninsu daga wuƙar.

Abin da ya sa sunansa ya zaga duniya kuwa daban ne. Ranar 15 ga Fabrairu 1921, yana dab da cika shekara 60, ya jingina da matasai, ya yi wa kansa allurar kashe zafi, ya cire wa kansa afendiks da taimakon madubi. So yake ya ɗanɗana abin da majinyatansa ke ji. A Janairun 1932, yana da shekara 70, ya sake yi wa kansa aikin ƙaba. A ganina wannan na biyun ganganci ne. Bai cika wata uku ba ciwon namoniya ya yi ajalinsa, ranar 1 ga Afrilu 1932.

Kane bai ga aikin zuciya irin na yau ba. Sai a 1953 John Gibbon ya yi nasarar aiki da injin da ke riƙe aikin zuciya da huhu, a asibitin Jefferson, makarantar da ta yaye Kane. Amma dabararsa ta biyo mu har nan. A 2015 mujallar Lancet ta tattara gwaje-gwaje 73 da suka shafi majinyata kusan 7,000, aka ga sauraron kiɗa na rage zafi da fargaba bayan tiyata. A 2021 masu bincike a ƙasar Holan suka duba masu aikin zuciya kaɗai, suka sami irin wannan sakamako, sai dai yawan maganin zafin da majinyatan suka buƙata bai sauya ba.

Ga dalilin da ya sa mu likitoci muke kula da wannan ɗan ragin. Wanda aka tsaga wa ƙashin ƙirji yana tsoron tari da jan dogon numfashi saboda zafi. Idan bai yi tari ba majina ta taru a huhu, namoniya ta samu ƙofa. Duk abin da zai sa ya saki jiki ya yi numfashi sosai, muna maraba da shi.

In za ku gwada, ku fara tambayar nas, musamman a ɗakin kulawa ta musamman. Majinyacin ya zaɓi abin da kunnensa ya saba da shi, a sa masa a kunne da sauti ƙasa-ƙasa na kamar rabin awa, yadda zai ji in an kira shi kuma ba a dami na kusa ba. In ya ce ya gaji, a kashe. Maganin zafinsa kuma ya ci gaba da sha a kan lokaci, kamar yadda aka rubuta masa.