Taƙaitaccen Tarihin Malam Muhammadu Alkashinawi, Masanin Taurari

Duk ɗalibin da ya taɓa zama waje da dare a Sangere lokacin da aka ɗauke wuta, ya san yadda sama ke cika da taurari. Sai dai kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa ƙasar Hausa ta taɓa fitar da malamin da ya yi suna a wannan fanni har Masar.

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi. Kamar yadda sunan ya nuna, Bafulatani ne mutumin ƙasar Katsina. Ya yi karatu a wajen malaman zamaninsa, cikinsu har da Malam Muhammadu Alwali na Bagarmi, ya ƙware a nahawu da lissafi da ilimin taurari. Daga nan ya tafi aikin hajji, bayan ya sauke farali kuma ya zauna a Alƙahira.

A shekarar 1732 ya rubuta littafi da Larabci a kan hatimi. Mai karatu kada ya raina wannan. Hatimi lissafi ne tsantsa: a zana gida 9, a zuba lambobi daga 1 zuwa 9, a jera 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa. Ta ko'ina aka haɗa, a tsaye ko a kwance ko a karkace, 15 za a samu. Malam ya bayyana hanyoyin gina irin wannan ko da gidajen sun yi yawa, muddin adadin kowane layi mara ne, wato 3 ko 5 ko 7. Wannan aiki ne ya sa Claudia Zaslavsky ta kawo shi a littafinta Africa Counts na 1973.

Wani littafin nasa, Addurrul Manzum, ya shafi taurari da ɗalasimai. A nan sai an yi hattara, domin a zamaninsa ilimin taurari gauraye yake da duba, kuma malamai da yawa ba su yarda da wannan ɓangare ba. A ganina rashin adalci ne a auna shi da ma'aunin yau. Ai sai a 1926 Edwin Hubble na Amurka ya rarraba manyan tarin taurari bisa siffarsu, wasu kamar ƙwai, wasu a murɗe, wasu da sanda a gicciye a tsakiyarsu. Malam kuwa a ƙarni na 18 ya yi aikinsa.

Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan abokinsa Shaihu Hasan Aljabarti, wanda ya bar wa littattafansa. Ɗan wannan shaihi, Abdurrahman Aljabarti, shi ne ya sa labarinsa a cikin littafinsa na tarihin Masar, ta nan ne da yawa daga abin da muka sani ya iso gare mu. Allah ya jiƙan Malam da rahama, amin.